Haƙorin Makka da Hular Asibiti: Yaushe Ake Sauyawa, Kuma Ta Yaya?

Da za a bi gidajen Boɗinga da Shagari ɗaya bayan ɗaya ana neman masu hula a haƙori, da an tarar da yawansu ba a asibiti aka sa musu ba. A ƙasa mai tsarki aka sa, bayan an sauke farali, ana jiran jirgin dawowa. Hajiya ta zaɓi na zinari, Alhaji ya zaɓi na azurfa, aka iso gida, 'yan barka da sauka suka gani tun a murmushin farko. Sauran su ne waɗanda haƙori ya karye musu ko ya yi kogo mai zurfi, likita a Sakkwato ya gyara shi ya rufe da hula. A wurin likitan haƙori duk abu ɗaya ne: kwanso ne da aka kifa wa haƙori aka manne da siminti na musamman. Na ado ne ko na magani, tsufa yake yi.

Hular kanta ba ta ruɓewa, tunda ƙarfe ce ko tangaran. Haƙorin da ke cikinta shi ke ruɓewa, kuma a ɓoye, yadda gara ke cin azara: waje sumul, ciki ya zama gari. Mutum yana duba madubi yana ganin ƙyalli, bai san abin da za a kama a ɗora sabuwar hula ya kusa ƙarewa ba. Shawarwarin nan duk manufarsu ɗaya, a kai haƙorin gaban likita tun da sauran abin ceto a jikinsa.

1. Ku riƙe shekarar da aka sa ta.

Likitoci kan ce hula tana yin shekara 5 zuwa 15, wasu kuma su zarce haka nesa ba kusa ba, musamman ta zinari da aka zuba daidai da haƙorin mai ita. Simintin da ya riƙe ta yana narkewa a hankali cikin yawu. Dasashi kuma yana ja da baya da shekaru, sai bakin hular ya fito fili ya zama maɓoyar abinci. Masu haƙorin Makka sun huta da lissafi, don ba wanda ke manta shekarar da ya yi aikin Hajji. Wadda ta je a 2008, kuma har yau likita bai taɓa leƙa haƙorin ba, ta yi jinkiri ko da ba ya mata ciwo. Ba cewa aka yi a ɓamɓare duk hular da ta cika shekara 15 ba. Dubawa ake so a yi, mai lafiya a bar ta inda take.

2. Ku riƙa dubawa da kanku, da madubi da fitilar waya.

A ɗaga leɓe sosai a haska inda hula ta haɗu da dasashi, don nan ne ɓarna ke farawa. Dasashi mai lafiya ba ya kumbura, ba ya sheƙi, ba ya jini in an goga. In kun ga ya yi ja ya tasa a kewayen haƙori ɗaya tak, sauran kuwa lafiya, to hular ce abin zargi. A sa yatsa mai tsafta a ɗan girgiza ta. Hular kirki ba ta motsi ko kaɗan. In an ji ta tana ɗan lotsawa, ko aka ga kumfar yawu na fitowa ta gefenta in an danna, siminti ya saki.

Akwai alamun da ido ba ya gani. Wari ko ɗanɗano mara daɗi da ke fitowa daga wuri ɗaya, a goge baki ya tafi, kafin azahar ya dawo. Zaren nama da ke maƙalewa a gurbi ɗaya kullum aka ci tsire. Tsartsa in an kurɓi ruwan randa da asubahin hunturu, ko zogi in an tauna ta wannan gefen. Sai kuma ɗan ƙurji a dasashi sama da haƙorin, wanda kan fashe ya fitar da mugunya ya lafa, bayan mako biyu ya sake tasowa. Mutane kan ce zafi ne ko basir ya taso. Ƙurjin nan ƙofa ce da mugunya ta buɗe wa kanta daga saiwar haƙori, kuma ba zai daina ba sai an yi maganin saiwar.

Abu biyu ne ke ruɗa mutane a nan. Baƙin layi siriri a gindin hular tangaran wani lokaci ƙarfen da ke ƙarƙashi ne ya leƙo saboda dasashi ya ja, muni ne kawai ba cuta ba. Wani lokacin kuma ruɓa ce. Likita ne zai bambance. Na biyu ya fi haɗari: haƙorin da aka cire wa jijiya ba ya jin sanyi, ba ya jin zaƙi, yana iya cinyewa har gindi shiru. Za ka ji dattijo yana cewa, "Ai ba shi ciwo, mi za ni yi asibiti?" Rashin ciwon a irin wannan haƙori ba shaidar lafiya ba ne.

3. Haƙorin Makka yana da nasa sha'ani.

Hular da likita ke sawa, awon haƙorinka ake ɗauka a ƙera ta dominka kai kaɗai, bakinta ya zauna cif a kan layin da aka fiƙe. Haƙorin Makka sau da yawa ba haka ake yin sa ba. Kwanso ne siriri da aka riga aka ƙera, a gwada wannan a gwada wancan, wanda ya shiga a matse bakinsa, a cika shi da siminti a danna. Wani mai sawar yakan ɗan gurje haƙorin don kwanson ya wuce. Aiki ne na 'yan mintoci, ga layin alhazai a baya suna jira. Tunda ba a yi shi don wannan haƙorin ba, dole a sami rata a gindi, ko kuma bakin ƙarfen ya nutse cikin dasashi yana sukarsa shekara da shekaru.

Wanda ya taɓa tsayawa kusa lokacin da ake cire irin wannan kwanso da ya daɗe ba zai manta ba. Wari ne ke fara fitowa. Sannan a ga haƙorin da aka rufe yana fari tas ya koma ruwan ƙasa, gindinsa ya yi baƙi, likita ya taɓa da ɗan ƙarfensa ya nutse. Abin takaicin shi ne galibi haƙori mai lafiya ƙalau aka rufe, na gaba kusa da fiƙa, wanda da an bar shi da ya kai mai shi tsufa.

Ban ce kowace Hajiya ta je a cire mata ba. Akwai waɗanda aka dace, ya zauna daidai, dasashi lafiya, shekara ashirin ba ƙorafi. Kuma na san abin da haƙorin yake nufi ga mai shi. Wata ta tara kuɗin kujera shekara goma, wata ɗanta ne ya biya mata, ba za ka ce mata ado ne kawai ba. Abin yi shi ne a kai a duba. In an ce sai an cire, a roƙi likita ya miƙo kwanson a ajiye. Mai son ci gaba da ƙyallin zinari ta tambaya ko za a iya zuba mata hular zinari ta awo, wadda za ta zauna yadda ya kamata.

A lura da launi kuma. Zinari na gaske ba ya dafewa. Kwanson da ya koma kore-kore ko baƙi, ko rawayarsa ta goge fari ya fito, haɗin wasu ƙarafa ne aka yi wa ruwan zinari. Wasu daga cikinsu suna ɗauke da ƙarfen nikel, wanda jikin mata da yawa ba ya so. Macen da kunnenta ke ƙaiƙayi da ruwa in ta sa ɗan kunne mai araha, dasashinta ma yana iya yin haka.

Ga maniyyatan bana: in ba makawa sai an sa, a nemi asibitin haƙori mai lasisi, kada a yarda a gurje haƙori mai lafiya, a kuma sa ido kan kayan aikin. Ƙarfen da ya fito daga bakin wani ya shiga naka ba a dafa shi ba yana iya ɗauko ciwon hanta.

4. In hula ta faɗo, kada a yar, kada a manna da gam.

A wanke ta da ruwa, a sa a ƙaramar leda ko kwalbar magani da ta ƙare, a rufe. Sau da yawa in haƙorin yana da lafiya, likita zai goge cikinta ya mayar da siminti sabo, kuɗinsa bai kai ko kusa da na sabuwa ba. Amma a hanzarta cikin 'yan kwanaki, domin haƙoran gefe da na sama suna matsowa su cike gurbi, bayan wasu makonni hular ta ƙi shiga.

Super Glue ba na baki ba ne. Yana ƙona dasashi, yana kulle ƙazanta a ciki, kuma in ya daskare a karkace sai an fasa hular kafin a fitar da ita, wani lokaci har da ɓallin haƙori. Kafin a samu zuwa, a tauna ta ɗaya gefen, a riƙa goge kututturen haƙorin a hankali. Kada a kwanta barci da hular da ke girgiɗi a baki. Wanda ya haɗiye ta, yawanci takan fita ta bayan gida ba tare da wata illa ba. In kuwa ta wuce ne aka kama tari mai sarƙewa ko numfashi ya canza, mai yiwuwa hanyar iska ta bi, wannan asibiti ne nan take.

5. Akwai abubuwan da ba a sa wa haƙori komai zafin ciwo.

Ruwan batir, fetur, garin taba, ƙwayar asfirin da ake dannawa a dasashi: duk suna ƙona nama, ciwon ya lafa na ɗan lokaci saboda wurin ya mutu, sannan ya dawo da gyambo a kai. Kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri yana taimakawa. Kanumfari yana kashe zogi na 'yan awoyi. Farasitamol a sha yadda aka rubuta a jikin kwali. Duk waɗannan na riƙon ƙwarya ne kafin a isa wurin likita. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake saya a kemis, a sha kwana biyu a bari, yana kwantar da kumburi ne ya bar tushen. Masu yawo kasuwa suna turara hayaƙi suna nuna tsutsar da suka ce ta faɗo daga haƙori, babu tsutsa a haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke cin sukari su fitar da tsami, tsamin ya zaizaye haƙorin.

6. Ku san lokacin da ba a jiran gari ya waye.

Kumburi da ya sauko ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ya haura har ido ya fara rufewa. Zazzaɓi mai zafi tare da ciwon haƙori. Baki ya ƙi buɗuwa. Yawu ya gagara haɗiya. Murya ta canza. Ko ƙarfe biyun dare ne a nemi mota. Mugunyar turmin ƙasa tana iya bin ƙarƙashin harshe ta toshe maƙogwaro, kuma tana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu, musamman ga mai ciwon suga.

Tunda ana maganar baki, bari in ratse kaɗan. Yaro ƙarami mai rama, ko wanda ya tashi daga ƙyanda, in dasashinsa ya yi gyambo yana wari, kunci ya kumbura, mai yiwuwa cutar noma ce, a garzaya da shi Asibitin Yara na Noma da ke Sakkwato. An kafa shi a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki da shi tun 2014, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. A farkonta magani yana tsayar da ita. In ta ci kunci sai tiyata.

7. Ku tafi inda ake aikin, ku kuma shirya tafiyar.

Babban asibitin Boɗinga ko na Shagari wuri ne na farawa, a duba kumburi, a ba da magani, a rubuta takardar turawa. Sauya hula kuwa yana buƙatar kujerar haƙori, na'urar hoto da ɗakin ƙira, saboda haka shirin Sakkwato za a yi. Akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Gawon Nama, akwai a Asibitin Ƙwararru da ke titin Sultan Abubakar, akwai kuma asibitoci masu zaman kansu. Na Sifawa da Danchadi tafiyarsu ba nisa. Na Kajiji da Dandin Mahe su yi sammako, don a asibitin gwamnati yankar kati da layi su ke cin safiya. In akwai ɗan'uwa a birni, ya leƙa tukuna ya tambayo ranakun da ake ganin masu irin wannan aiki, ya fi a biya kuɗin mota a ce a dawo jibi.

Likitan haƙori na gaske yana da rajista da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, MDCN, kuma ba laifi ba ne a tambaya. Mai ƙera hula a ɗakin ƙira shi ma ƙwararre ne mai takarda, amma aikinsa a kan zubin haƙori yake. Fiƙe haƙori da mannawa na likita ne. Shi kuwa mai akwati a kasuwa da ke kwaɓa hoda ruwan hoda ya dasa maka haƙori nan take, abin da yake yi shi ne liƙa roba a jikin haƙoran gefe. Ba ta cirewa a wanke, abinci yana taruwa a ƙarƙashi, bayan shekara ɗaya ko biyu giɓi ɗaya ya zama uku.

8. Ba kowace hula mai matsala ake sauyawa ba, don haka a nemi hoto tukuna.

Hoton haƙori ba ya ratsa ƙarfe, amma yana nuna gindin hula, saiwa da ƙashin da ke riƙe da ita. Da shi da abin da likita ya gani da ido ake yanke shawara. In siminti ne kawai ya saki, a mayar. In ɗan ɓalli ne a tangaran, a goge kaifin ko a cike. In ruɓa ta shiga gindi ko hular ta huje, a cire a yi sabuwa. In ruɓar ta kai jijiya, sai an cire jijiyar an wanke saiwa an cike, wani lokaci a kafa ɗan ƙusa na musamman a cikin saiwar a gina kututture a kai, sannan hula. In kuwa saiwar ta tsage, ko haƙori ya cinye har ƙasa da dasashi, ba abin da hula za ta kama. Likitoci suna son a sami kamar milimita 2 na lafiyayyen haƙori a kewaye sama da dasashi. Milimita biyun nan su ne tsakanin hula da cirewa, kuma su ne jinkirin shekara guda ke cinyewa.

Ku tambayi likita kai tsaye: me ya kashe tsohuwar? In ba a gano dalili ba, sabuwar ma hanyar za ta bi.

9. Ga yadda aikin yake, don kada tsoro ya hana zuwa.

Yawanci zuwa biyu ne, ban da na cire jijiya in ya kama. A zuwan farko za a yi allurar kashe zafi a dasashi, leɓe ya yi nauyi na 'yan awoyi. Likita zai tsaga tsohuwar hular da ɗan injinsa mai feshin ruwa, ya buɗa tsagin, ta fito. Ƙarar ta fi zafin yawa. Ya kankare ruɓa, ya cike inda ya rame, ya gyara siffar kututturen. Daga nan a cika wani ɗan faranti da abu mai laushi a danna a haƙora na 'yan mintoci har ya kama siffarsu. Mai saurin tashin zuciya ya yi numfashi ta hanci ya sunkuyar da kai kaɗan. A gwada launi da haƙoran gefe, a sa hular wucin gadi ta roba, a sallame ka.

Bayan mako ɗaya zuwa uku a koma. Nan ne ya kamata mutum ya buɗe baki da magana, ba da haƙori kaɗai ba. Kafin a manne, a karɓi madubi a duba launi, a hasken rana in da hali. Likita zai sa wata siririyar takarda mai launi ya ce a ciza. In ka ji sabon haƙorin yana riga sauran haɗuwa, ko da kaurin gashi ne, ka faɗa a rage. Mu mutanen nan akwai kunya da kawaici, sai a ce "ba komai, Likita, ya yi," a dawo gida a yi wata guda ana fama da ciwon muƙamuƙi. In an riga an manne, gyara launi sai dai a fasa. 'Yar tsartsa ta kwanaki kaɗan bayan aiki ba abin damuwa ba ce. Wadda ke ƙaruwa ko ke hana barci, a koma.

10. A zaɓi irin hula gwargwadon wurin da za ta zauna.

Ta ƙarfe zalla tana da ƙarko, ba a cin haƙori da yawa kafin a sa ta, ta dace da turame na can ciki da ba a gani. Ta ƙarfe mai rufin tangaran ita aka fi sani, tana da kyau da ƙarfi, aibinta ɓallewar tangaran da baƙin layin nan na gindi. Ta tangaran zalla ta fi kama da haƙorin Allah, ta gaba ce. Zirkoniya fara ce mai taurin gaske, kuɗinta ya fi, kuma ba ko'ina ake yin ta ba. Mai cin goro ya sani hula ba ta rina kamar haƙori, ba ta kuma yin fari da wanki. A fara wanke haƙora a asibiti sannan a zaɓi launi, in ba haka ba za a daidaita ta da jan goro, ko kuma ta fito fara fat ita kaɗai a tsakiyar jajaye.

Maza kan tambayi hukuncin zinari. Malamai suna kafa hujja da labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinari. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito. Daga nan suka halatta shi ga namiji in lalura ce. Yau da ake da tangaran da zirkoniya, lalurar ta ragu, sai mutum ya tambayi malaminsa. Alwala da wanka kuwa hula ba ta hana su.

11. A yi lissafin kuɗi har ƙarshe kafin a taɓa haƙorin.

A tambayi jimla: kati, hoto, cire tsohuwa, cire jijiya in da buƙata, hular wucin gadi, sabuwa, sannan a ɗora kuɗin mota na zuwa biyu ko huɗu, da na ɗan rakiya in Hajiya ce ko tsoho. Farashi yana bin dala saboda kayan daga waje suke zuwa, na bara ba na bana ba ne. Tsarin inshorar lafiya na tarayya ya daɗe yana ware hula da gadar cike giɓi da dashen haƙori daga abin da yake biya, ko da yana ɗaukar ciko da cirewa. Masu katin NHIA ko na SOCHEMA ta jiha su tsaya teburin inshora su ji matsayinsu tukuna.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara a kasa ƙarasawa. An fiƙe haƙori, an sa ta wucin gadi, ciwo ya tafi, kuɗin ya shiga taki ko biki. Hular wucin gadi ta makonni ce, simintinta da gangan aka yi shi mai rauni don ta ciru. Wanda ya bar ta wata shida zai koma ya tarar da aikin farko ya lalace. Manomi ya auna da kaka, ko bayan an sayar da albasa. Uwargida ta auna da kwasar adashi. In kuɗin bai kai ba yanzu, a gaya wa likita gaskiya, ya cire ruɓar ya yi ciko mai riƙewa zuwa lokacin. Azumi ma a sa shi a lissafi: injin yana feshin ruwa a baki, gara a gama kafin watan ya kama ko a bari bayan Sallah, sai fa in ciwo ya matsa.

Wani zai ce cirewa ta fi araha. A ranar, haka ne. Amma giɓin turmi yana sa na kusa su kwanta, na sama ya zubo, tauna ta koma gefe ɗaya, kuma cike giɓin daga baya ya fi hula tsada.

12. A gaya wa likita duk abin da ke jiki.

Ciwon suga, hawan jini, sikila, ciwon zuciya, juna biyu, maganin tsinka jini, ko wata allura da ta taɓa tayar wa mutum da hankali. A tafi da kwalayen magungunan a leda. A karya kumallo kafin a hau kujera.

13. Sabuwar hula tana son abin da tsohuwar ta rasa.

Gogewa sau biyu a rana, na dare ya fi muhimmanci, da buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid. A duba jikin bututun, a ga lambar fuloraid tsakanin 1,000 da 1,500, yawanci 1,450 ake rubutawa. A karkata buroshin ya shiga layin dasashi. Bayan an tofar kada a kurkure da ruwa, a bar man ya yi aikinsa. Asuwaki yana da kyau ƙwarai, a ci gaba da shi, sai dai a tauna bakinsa ya yi laushi, kuma a sani ba ya shiga tsakanin haƙora. Wannan aikin zaren sakace ne, ana samunsa a manyan kemis na Sakkwato. Tsinken tsintsiya, ashana, allura da fil ɗin ɗankwali suna tura dasashi baya, suna kuma ɗaga bakin hula.

Sai abin taunawa. Goruba, busasshiyar aya, ƙashi, ƙanƙara, ƙuli-ƙuli mai tauri, ɓare rake da haƙoran gaba, buɗe kwalbar lemo da baki, tsinka zare: su ne ke ɓalle tangaran. Alewa mai danƙo da cingam su kuma tumɓuke hula suke yi. A yanka rake ƙanana, a jiƙa aya, a daka ƙuli. Uwargida ta rege shinkafar gida da kyau, tsakuwa ɗaya ta isa. Masu zaman shayi su lura, ba yawan sukarin kofi ɗaya ne ya fi ɓarna ba, kurɓa-kurɓar da ake yi tun la'asar har dare ita ce ke hana baki hutawa daga tsami. Wanda matarsa ta ce yana cizon haƙora cikin barci ya faɗa wa likita, akwai robar da ake ƙerawa a sa da dare.

14. Yara da tsofaffi ba za su kawo ƙara da kansu ba.

Yaron da aka sa wa hular ƙarfe a turmin nono ba ya buƙatar sauyi. Za ta faɗi tare da haƙorin in lokacin famfara ya yi. In ta cire tun da wuri a mayar da shi asibiti, domin wannan turmin ne ke riƙe wa na dindindin gurbinsa.

Tsofaffi kuwa ɓoyewa suke yi, don kada su ɗora wa 'ya'ya nauyi. A lura da Inna in ta fara ture nama gefe, ko ta koma fura da kunu alhali da tana cin tuwo, ko tana rufe baki da gefen mayafi in za ta yi dariya. Magungunan hawan jini da wasu na tsufa suna busar da yawu, bushewar baki kuma tana saurin ruɓar da gindin hula. Ba a ce mata bakinta yana wari. A ce, "Inna, ranar Litinin za ni Sakkwato, mu tai tare a duba miki hauren nan na Makka, an ce yana son wanki." In akwai tsohon kati ko hoton haƙori na baya, a neme shi tun daren a sa a jaka tare da magungunanta.